'Yar Halliru a Gonar Jigawa

Asabar, 20 ga Afrilu, 2024

Ihsan ta iso. Jikata ta fari, 'yar wajen Muntari, wadda take digiri na biyu a jami'a a Kano, fannin kwamfuta. Mai babur ya kawo ta daga Rano da hantsi, jaka a baya kamar soja. Na ce, amarya, ina tsarabata? Ta ce tsoho mai haƙori huɗu me zai yi da tsaraba. Sannan ta fito da dabino mai taushi.

Wata guda za ta yi, kuma ba hutu ba ne. Aiki ta zo yi, da littattafaina. Ni Halliru, da na fara riƙe fensir ina shekara arba'in da bakwai a ajin yamma na nan Lausu, yara na leƙe ta taga suna dariya. Wai jami'a na bukatar rubutuna.

Matata Hansatu ta ce in rufe baki kada ƙuda ya shiga. Na kasa.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Na fito mata da su daga akwatin ƙarfe. Littafi goma sha ɗaya, shekara ashirin da huɗu. Kowace damina na rubuta wanda na ba irin dawata da yawan damin da ya samu, har da na maƙwabtansa in sun faɗa min. Irin nan ni na ware shi da hannuna, zangarniya-zangarniya, tun ina matashi. Mutane suka sa masa suna 'Yar Halliru. Daga Tarai ake zuwa nema, har daga bayan Kibiya.

Ta yi min bayanin aikinta sau uku. Abin da na kama: akwai na'urar da ba a ba ta umarni ɗaya-ɗaya, sai dai a nuna mata misalai masu yawa ta koya da kanta, ta riƙa hasashe. Ta ce na'urar ta ƙware wajen gane abubuwan da suke tafiya tare, amma ba ta san wanne ne ya jawo wanne ba. Ita tana so ta koya mata tambaya guda: da ba a yi kaza ba, me zai faru?

Na ce wannan ai tambayar tsofaffi ce a gindin bishiya. Ta ce shi ya sa ta zo wurin tsoho.

Da ta buɗe littafin farko ta tsaya a shafi na ɗaya. Na manta da shi. Ranar malaminmu ya ce kowa ya rubuta jimla mai kalma uku, ni kuwa na rubuta: Ishiyaku rago ne. Ƙanena ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta dube ni, ta juya shafin.

Laraba, 24 ga Afrilu

Kwana uku tana kwafar rubutuna cikin kwamfuta. Ta ce bakwai ɗina da ɗaya ɗina 'yan biyu ne. Na zauna kusa ina raba mata su. Ban taɓa jin daɗin zama haka ba.

Talata, 30 ga Afrilu

Yau na'ura ta yi magana. Ta ce wanda ya shuka 'Yar Halliru yana samun kusan ninki biyu na wanda bai shuka ba. Na sa Ihsan ta maimaita a gaban Hansatu. Har na aika a sayo tsire.

Ita kuwa ko murmushi. Ta ce, Kaka, shamuwa na zuwa, ruwa na zuwa. In ka nuna wa na'ura haka shekara ashirin, za ta rantse shamuwa ce ke kawo ruwa. Sai ta tambaye ni, wa kake ba irin nan?

Na ce manoman kirki mana. Wanda na je na ga gonarsa da idona, na ga tana cika rumbu. Ba na ba wanda zai ɓata masa suna.

Ta ajiye biro. Ta ce to ai ka ga inda gizo yake... a'a, ba haka ta ce ba, cewa ta yi, to ai nan matsalar take. Ta zana da'ira uku a ƙasa da tsinke: iri, gona, amfani. Ta ja layi daga iri zuwa amfani. Ta ja wani daga gona zuwa amfani. Sannan ta ja na uku daga gona zuwa iri, ta ce wannan layin kai ne, Kaka. Kai ne kake kai iri wurin gonar da dama can tana bayarwa. Yanzu ta yaya za mu san na iri da na gona?

Na ce shekara ashirin da huɗu ba ta isa shaida ba? Ta ce ko ɗari ce, in dai kai ke zaɓa.

Na ci tsiren dai. Bai yi yaji sosai ba.

Juma'a, 3 ga Mayu

Abin da take so: bana kada in zaɓa. A tara manoma arba'in, na kwari da na tudu, a yi ƙuri'a. Rabi su shuka 'Yar Halliru, rabi su shuka irin da suka saba ko na kasuwa. Ta ce ƙuri'a ba ta san manomin kirki ba, ba ta san rago ba, don haka in an ga bambanci na iri ne.

Bayan masallaci na tare Malam Zakiyyu, limaminmu. Abu biyu na tambaye shi. Ƙuri'a ba caca ba ce? Ya ce a'a, in ba wanda ya zuba wani abu don ya ci na wani. Na biyu, an hana mu zama muna cewa da na yi kaza da kaza ta faru, to ga jikata ta mai da shi karatu.

Ya yi dariya. Ya ce abin da aka hana shi ne mutum ya zauna yana cizon yatsa yana jayayya da hukuncin Allah. Amma manomin da ya ce da na sa taki da wuri da ta fi haka, don ya gyara baɗi, wannan hankali ne. Sai ya ce, Malam Halliru, sa sunana cikin arba'in ɗin. Shekara uku ina jiran ka ga gonata ta isa.

Ban san ya lura ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gida. Na kira Ihsan na ce ga mai ruwa ta zo. Ta ce a kawo mata kujera.

Asabar, 18 ga Mayu

An yi ƙuri'a a ƙofar gidan mai unguwa, da safe. Ƙwarya ɗaya, farin wake ashirin, jan wake ashirin, an rufe da faifai. Mai fari ya sami 'Yar Halliru, tiya biyu. Mutanen Tarai goma sha biyu suka zo a motar kaya.

An sha dariya. Ɗanmalam, da ya shekara goma sha biyar yana karɓar irina, ya ɗebo ja. Ya ce wannan ƙwarya ba ta da kunya. Malam Zakiyyu ya ɗebo fari, ya ɗaga shi sama kamar ya ga wata.

Ban san Ihsan ta je gidan Ishiyaku ba sai da na gan shi a layi, can baya, da tsohuwar hularsa. Muna gaisawa, ba wai ba ma magana ba. Suna, jana'iza, Sallah. Amma iri, tun shekarar da na ba shi ya girbe abin da bai kai a faɗa ba, har ya ci wanda ya kamata ya ajiye na shuka, na ce an gama. Shekara ashirin da shida ke nan.

Ya sa hannu. Fari.

Ni na auna masa da hannuna, don ni ke aunawa. Ya ce, na gode, Yaya. Na ce a gode wa wake.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na ce wa Ihsan a sake na mutum ɗaya. A ba Ɗanmalam, a karɓe na Ishiyaku, ba wanda zai sani a Kano. Ta ce ita za ta sani. Ta ce in ka canja ɗaya, layin nan na uku ya dawo, aikina na shekara biyu ya tashi a banza.

Na ce zai ɓata wa irin suna. Ta ce, in irin mai kyau ne, mutum ɗaya cikin ashirin ba zai kayar da shi ba. In kuwa zai iya, gara mu sani.

Hansatu tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, Malam, yarinyar nan taurin kanka ta ɗauko, sai ka yi haƙuri da kayanka.

Gaskiya abin ya yi min daɗi ta wani gefen.

Laraba, 22 ga Mayu

Ta koma Kano. Ta bi gona arba'in ɗin duka kafin ta tafi, ta auna faɗinsu da waya, ta rubuta irin ƙasar kowa. Gidan ya yi shiru. Ta bar min biro mai kala huɗu.

Litinin, 10 ga Yuni

Ruwan shuka, alhamdu lillahi. Ƙasa ta jiƙe har ta wuce tsawon yatsa. Na shuka gonar kwari duka kafin azahar, ni da 'yan ƙwadago biyu. Bayana ya yi ƙara amma ya kai ni.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Ishiyaku ya zo gaisuwa kamar kullum, ya zauna a bakin tabarma kamar baƙo. Na tambaye shi tsiro. Ya ce ya fito, Yaya, kamar an jera. Na ce a kula da ciyawa. Ya ce to.

Wannan ce magana mafi tsawo da muka yi kan gona tun ban san yaushe ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ihsan ta bugo. Malaminta ya nuna hoton littafina a gaban ɗalibai, a jikin bango, babba kamar ƙofa. Ya ce ga mutumin da ya tara bayanai shekara ashirin da huɗu ba wanda ya sa shi. Na ce wane shafi? Ta ce na shekarar da aka yi fari. Na ce ba na farko ba dai? Ta ce a'a, Kaka, ba shi ba.

Na fita na gaya wa duk wanda na gamu da shi har bakin kasuwa. Ɗanmalam ya ce to sai a ba ni digirin mu huta.

Talata, 13 ga Agusta

Na je gonar Ishiyaku. Ba gaisuwa na je ba, in faɗi gaskiya a nan tunda ba mai karantawa. Na je in ga ciyawa ne, in samu abin faɗa wa Ihsan in sakamako ya fito ba daɗi. Na bi ta bayan duwatsu da sassafe don kada a gan ni.

Rabona da jigawar nan ya fi shekara ashirin. Ƙafa na nutsewa cikin yashi.

Babu ciyawa. Ko ɗaya. Kunyoyi a miƙe kamar an ja da igiya, sun fi nawa. Ya yi noma na uku, ni na biyu kawai na yi. Gindin kowace dawa ya zuba taki da hannu, ɗan kaɗan-kaɗan, ana gani mutum ne ya sunkuya sau dubu. Wuta-wuta mai kashe dawa ya tsinke ta ya tara a gefe ya ƙona.

Dawar kuwa iyakarta ƙirjina. Tawa a kwari ta wuce kaina da hannu a sama. Irina ne, na san shi kamar fuskar 'ya'yana. Ganyen ya naɗe da hantsi, alhali shekaranjiya aka yi ruwa.

Na sa hannu na tono. Yatsa biyu, busasshe.

Ya gan ni. Yana can ƙarshen gona da fartanya. Ya ɗaga hannu, na ɗaga. Na ce wucewa nake. Ba inda ake wucewa ta nan.

Laraba, 14 ga Agusta

Ban je gona ba. Ciwon baya.

Asabar, 7 ga Satumba

Amarya ta dawo kwana huɗu, duba gonaki. Ta rame, wai karatu. Hansatu ta yanka mata zakara.

Da la'asar muna cin gyaɗa ta tambaye ni yadda aka yi na sami kwari, Baba Ishiyaku ya sami jigawa. Na ba ta labari. Da mahaifinmu ya rasu, shekara arba'in ke nan, matan suka karɓi rabonsu a gida da dabbobi, gona biyu suka rage mana mu biyu. Jigawar ta fi faɗi, kwarin ya fi ƙanƙanta, dattawa suka ce sun yi daidai. Kowa ya ƙi zaɓa don kunya. Sai kawunmu ya karya kara biyu, dogo da guntu, ya dunƙule a hannu. Dogo kwari, guntu jigawa.

Ta daina tauna. Ta ce, Kaka, ashe an riga an yi muku ƙuri'a tun kafin babana ma ya yi wayo. Uba ɗaya, hannu ɗaya ya koya muku noma, iri ɗaya kuka fara da shi. Kara ne kawai ya raba ku.

Sai ta yi sauri ta ce mutum biyu ba su isa a yanke hukunci ba, kada in ɗauka ta ce wani abu.

Abin da ban gaya mata ba: ranar na fara kai hannu kan na hagu. Na taɓa shi ma. Sai akuya ta yi kuka a bayana, na waiwaya, da na juyo na ja na dama. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ban ma san ina tune da shi ba.

Lahadi, 8 ga Satumba

Ta je jigawa ta daɗe. Ta dawo da ɗanyar kuɓewa, wai in ji Baba Ishiyaku a ba Yaya.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Dawa ta fid da kai, ta sunkuya. Na tsaya a tsakiyar gona na yi hamdala. Shekara saba'in da ɗaya, har yanzu ganin nan bai tsufa a idona ba. Na fara ɗaure wa zangarniyoyin iri tsumma ja kamar kullum.

Litinin, 18 ga Nuwamba

An gama yanka. Dami arba'in da shida. Kowa cikin arba'in ɗin yana kawo nasa adadin, ina rubutawa da biro mai kala huɗu, kore na masu farin wake, ja na masu ja. Malam Zakiyyu ya zo da murna, ya ce bai taɓa samun haka ba. Ɗanmalam, da irin kasuwa, ya samu abin da ya kusa na bara. Ya ce kada in rubuta. Na rubuta.

Ishiyaku goma sha tara.

Lahadi, 15 ga Disamba

Ta zo da sakamako. Ta ce in zauna. Na ce ina zaune ai.

Ta zuba wa na'ura na ƙuri'a, ta haɗa da tsofaffin littattafaina, wannan karon ta gaya mata irin ƙasar kowa da takinsa. Na'urar ta janye maganarta ta watan Afrilu. Babu ninki biyu. A ƙasar kwari mai riƙe ruwa, 'Yar Halliru na ƙara kamar dami biyu a kan kowane goma. A jigawa ba ta ƙara komai, wataƙila ma tana ragewa, don tana daɗewa kafin ta nuna, yashi kuma ba ya jira.

Ta ce gona arba'in da damina ɗaya kaɗan ne, kada in rantse a kai. Tana magana tana kallon fuskata kamar mai jinya.

Na ce, to irin nawa na kirki ne ko ba na kirki ba? Ta ce na kirki ne, Kaka. Biyu cikin goma ba wasa ba ne, masu bincike na shekaru suna neman haka. Kuma yanzu na gaske ne, ba wanda zai ce gona ce. Sai dai shi ma yana da inda yake so.

Na yi zaton zan ji zafi. Na ɗan ji. Amma wannan biyun nawa ne, an tace an ba ni. Na gaya wa Hansatu. Ta ce dama ita ba ta taɓa ganin ninki biyu a tukunya ba.

Litinin, 16 ga Disamba

Da safe, Hansatu ta tafi barka, muka rage mu biyu a zaure. Na ce, amarya, tambayi na'urarki abu ɗaya, ba na jami'a ba. Mutum kamar ni, da nomana, da takina, da irina. Da shi ya ja guntun kara.

Ba ta taɓa kwamfutar ba. Ta ce, Kaka, na'ura ba ta ganin rayuwar da ba a yi ba. Ba mai gani sai Allah. Abin da take yi kawai, ta nemo waɗanda suka yi kama da kai a cikin waɗanda ke noman jigawa, ta ƙiyasta. Za ta ba ka tsakanin kaza da kaza, kuma tana iya kuskure.

Na ce na ji. Tambaye ta.

Ta tambaye ni noma nawa na yi bana. Na ce biyu. Ta danna.

Tsakanin dami goma sha uku da goma sha takwas.

Ita ta kwafi adadin kowa, ta san na Ishiyaku. Na ce to madalla, rufe, kada wutar ta ƙare. Na tashi na ba tumaki ruwa, ko da yake an ba su.

Talata, 17 ga Disamba

Kafin ta hau babur ta ce, ka san gwajin da ya fi kowanne? A yi musaya, na kwari ya hau tudu, na tudu ya sauko. Amma ba wanda zai yarda, shi ya sa muke wahala da na'ura. Ta yi dariya. Wasa take yi.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Mutanen Tarai sun fara zuwa kamun iri tun yanzu. Da nakan ce sai na zo na ga gonarka. Yau na ji kaina ina tambaya, ƙasarka tana riƙe ruwa? Wani ya ce yashi ce. Na ce to kada ka wahalar da kanka da tawa, nemi mai saurin nuna. Ya tafi yana godiya. Da can da ya tafi da kunya.

Su nawa na kora haka? Yana cikin littafi. Ban duba ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ihsan ta ci jarrabawa. Malamai biyar suka zauna suka yi mata tambayoyi awa biyu, ta amsa duka. Ta ce a shafin godiya sunana ne na farko, kafin na malaminta: Malam Halliru Mato, Lausu. Na sa ta karanta min sau uku a waya.

Na yi sadaka da ƙosai a ƙofar masallaci. Hansatu ta yi guɗa, da tsufanta, har ta yi tari. Ni da yara suka yi wa dariya ta taga.

Ta ce akwai suna na biyu daga Lausu a shafin. Na ce na sani, na Ishiyaku ne. Ya dace.

Asabar, 12 ga Afrilu

Sharar gona. Bayan nan nawa ba ya son nisa, kowa ya sani. Daga tsamiyar tsakiyar gonar kwari zuwa bakin rafi ya yi min yawa bana, kuma ba na son ba 'yan ƙwadago, suna barin ciyawa a gindi.

Na je gidan Ishiyaku da hantsi. Na same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Na ce Ihsan na bukatar ƙarin gwaji, wai a yi musaya. Shi ya noma daga tsamiya zuwa rafi, abin da ya fito nasa ne. Ni in ɗauki ƙaramin gefe a jigawa, kusa da hanya, in gwada irin da yake shukawa da can. Don bincike.

Ya ajiye ƙotar. Ya ce, Ihsan ce ta ce? Na ce ta taɓa faɗa. Ya ce, damina nawa, Yaya? Na ce yarinyar ta ce damina ɗaya ba ta isa a gane komai ba. Sai dai mu ga.

Ya ce, ba ka tsoron rago ya ɓata maka gona?

Ashe ya sani. Ko da yake, wa bai sani ba, na faɗa a kasuwa, na faɗa a wurin suna. Na ce rana tana yi, zo mu je in nuna maka iyaka. Muka tafi, shi a gaba. Tafiyarsa irin ta mahaifinmu ce, ban taɓa lura ba. A bakin rafi ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya matse a hannu, ta dunƙule ba ta watse ba. Ya daɗe a haka. Na juya ina duban tsamiya, ta yi 'ya'ya sosai bana.

Ban gaya wa Ihsan ba tukuna. Za ta ce mutum biyu ba su isa ba.

Da na dawo na fito da littafin farko, ina neman wani abu daban. Na ari abin goge fensir a maƙwabta. Shekara ashirin da biyar, rubutun ya kama takarda, bai fita duka ba, in an karkata shi wajen haske ana gani. Kalmar tsakiya dai ta tafi. Na bar sunan.

Gobe in Allah ya kai mu za mu kai taki, jakinsa ya fi nawa ƙarfi.